Nu'uman Mai Shayi da Kwalaben Man Kifi

Duk wanda ya saba sauka a tashar motar Batsari da safe ya san teburin Nu'uman, da butarsa mai baƙin gindi da bencinansa biyu. Dogon mutum ne, ba shi da yawan magana, fuskarsa duk 'yan ramuka tun daga kunci har ƙarƙashin haɓa. Baƙo kan ɗauka ƙarambau ce ta yi masa haka yana yaro. Ba ita ba ce. Ƙurajen fuska ne, kuma sai da ya zama cikakken mutum suka kama shi. Sun kusa raba shi da sana'arsa, wata rana kuma maganinsu ya kusa raba shi da ransa.

A wani ɗan ƙauye yamma da Wagini aka haife shi. Gidansu gidan noma ne, gero da dawa da wake, ga shanun huɗa biyu da 'yan awaki. Abin da gona ta bayar shi ake ci: tuwo da miyar kuka, ɗanwake, fura, kwaɗon zogale in damina ta sauka. Da ya kai balaga 'yan ƙuraje sun feso masa kamar kowane saurayi, suka baje da kansu, ko ta kansu bai bi ba.

A daminar 2019 'yan bindiga suka shiga ƙauyen da rana tsaka. Suka kore shanu, suka cinna wa rumbuna wuta. Washegari kowa ya ɗaure abin da zai iya ɗauka ya nufi Batsari. Mahaifinsa bai shekara a cikin gari ba ya rasu. Ƙanwarsa Hansatu dama tana aure a Runka, ta ƙasar Safana, don haka sai ya rage daga shi sai mahaifiyarsa, Inna Lami, a ɗaki biyu da wani ɗan uwa ya ba su aro. Ba gona, ba dabba. Nu'uman ya nemi tebur da buta ya kafa shayi.

Tun daga nan abin da yake sayarwa ya zama abincinsa. Da asuba kofin shayi, ya tsiyaya masa madarar gwangwani har ya yi kauri, ya zuba sukari cokali huɗu, ya haɗa da rabin biredi. Kafin azahar ya sha irinsa sau uku. Da rana taliyar leda da lemun kwalba. Tuwon Inna sai ya kwana biyu bai taɓa ba, don in ya dawo gida cikinsa a cike yake.

Bai cika shekara a haka ba fuskarsa ta ɓaci. Ba irin ƙurajen samartaka ba ne. Waɗannan manya ne, suna kwance a ƙarƙashin fata kamar ƙwayar wake, suna zafi ko ba a taɓa su ba, in sun nuna su fashe da ruwa da jini, su bar rami. Suka cika masa muƙamuƙi, suka gangara wuya da gadon baya. In zai yi sujada sai ya lallaɓa goshinsa a tabarma.

Ba abin da bai gwada ba. Ya shafa lemun tsami, ya shafa toka, ya shafa man goge baki. Aka ce gyaɗa ce, ya daina ci. Wani ya sayar masa da wani man shafawa a 'yar roba ta matsawa, mako biyu fuskar ta lafa har ya fara murna, da ya ƙare kuwa suka dawo ninki biyu. Masu shan shayi suka fara raguwa. Ba wanda ya ce masa kome, sai dai ya ga mutumin da ya saba zama a bencinsa ya wuce teburin gaba yana kawar da kai. Ranar da wani direba ya ce masa, "Bari na yanka biredin da kaina," ranar ya koma gida ya shige ɗaki ya zauna.

Akwai wani ma'aikacin lafiya da aka turo Batsari daga Katsina, sunansa Malam Sharhabilu, mutanen gari suna ce masa Likita. Kullum da safe a teburin Nu'uman yake karyawa, shayinsa ba madara. Wata safiya da ba kowa a bencin sai shi, ya ajiye kofi ya ce, "Mai shayi, in ba za ka ji haushi ba zan tambaye ka. Kofi nawa kake sha a rana?"

"Ban taɓa ƙirgawa ba, Likita. Biyar ko shida."

"Da madara da sukari?"

"To in ba su ai ba shayi ba ne."

Malam Sharhabilu ya sa shi ya lissafa duk abin da ya ci jiya da shekaranjiya. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ba zan ce maka abinci kaɗai ya jawo wannan ba. Akwai na jini, akwai na maiƙon fata. Amma sukari da fulawa da madarar nan suna iza wutarsu ga mutane da yawa, kai kuma ba abin da kake ci sai su. Ka zo wurin aiki gobe in duba ka sosai."

Ya je. Aka ba shi maganin sha na makonni da wani na shafawa, aka hana shi matsa ƙurajen, aka ce ya jefar da duk wani mai da ya saya a kasuwa. Aka ce ya koma gero da wake da ganye, ya riƙa cin kifi in ya samu. Daga ƙarshe Malam Sharhabilu ya ɗauko wata kwalbar roba daga jakarsa, cike da wasu 'yan ƙwayoyi masu taushi, ruwan ɗorawa, kana hango mai a cikinsu.

"Wannan man kifi ne. Ba magani ba ne kamar waɗancan, taimako ne. Maiƙon da ke cikinsa yana rage kumburi, a nan kuma ba ku cika cin kifi ba. Wasu yana yi musu amfani, wasu ba su ganin kome. Biyu a rana, bayan ka ci abinci. Kada ka duba madubi kullum, sai ka yi wata uku."

Makon farko ya fi kowane wuya. Mutum yana tsiyaya wa wasu madara daga safe har yamma, shi kuma kunun gero ba sukari a gefensa. Sau biyu ya karya doka. Amma ya daure, Inna kuwa ta ji daɗi, don an dawo cin tuwonta. Wata na biyu sababbin ƙuraje suka ragu. Wata na uku ya iya kwanciya a kan kuncinsa. Ramukan ba su tafi ba, Likita ma ya ce ba za su tafi ba, amma zafin da ruwan sun ɗauke. Mutanen teburin gaba suka fara dawowa ɗai-ɗai.

Da babbar sallah ta 2021 Hansatu ta zo gaishe da Inna. Ta shigo da niƙabi, ita da ba ta saba sawa ba. Da ta ɗage a cikin ɗaki, Nu'uman ya ga fuskarsa ta bara a kan fuskar ƙanwarsa. Mijinta Najib yana da shagon kayan masarufi a bakin kasuwar Runka, tun da gonaki suka gagari zuwa ita ma biskit da lemo da shayi suka zama cimarta, ga wani mai da maƙwabciya ta ba ta. Ta ce ta daina zuwa biki da suna.

"Yaya, me ka sha?" ta ce. "Ko mene ne ka nemo mini."

Likita ya tafi sallah garinsu, bai gan ta ba. Da ya dawo Nu'uman ya yi masa bayani. Likita ya ce maganin sha ba zai bayar ga wadda bai gani ba, balle mace mai goyo irinta. Amma ta bar man nan, ta gyara abinci, man kifi kuma ba laifi, zai taho da shi in ya je Katsina.

Kafin kwalaben su iso, ƙasar ta rikice. A watan tara aka datse layukan waya a ƙananan hukumomin da ke bakin daji, Batsari da Safana suna ciki. Aka tsananta bincike a kan duk wanda ake zargi yana kai wa 'yan bindiga abinci ko mai ko ƙwaya. 'Yan sa-kai suka kafa shingaye a kan hanyoyi. Labari ya karaɗe tasha cewa an kama wani da ƙwayoyi cushe a cikin biredi, kuma ba wanda ya sake ganinsa.

Da kwalaben suka iso ya ce zai kai wa Hansatu, Inna ta ce, "Ka bari hanya ta lafa. Ƙuraje ba su kashe mutum."

Ya ce, "Inna, wata biyu ke nan tana jira, ba ta ma san ko na manta ba. Da safe zan tafi, la'asar ta yi mini a nan."

Ranar wata Talata ya rufe teburinsa da wuri. Ya zuba kwalabe uku a jakar leda, da gwangwanayen kifi goma sha biyu, da ƙullin daddawa da Inna ta bayar, da 'yar takardar da Likita ya rubuta yadda za a sha. Ya hau bayan wata a-kori-kura da mutum takwas.

Suka kama hanya. Gero ya yi tsawo hagu da dama, ya nuna, ba mai girbi, kowa kuma ya san mutum zai iya tsayuwa a cikinsa ba a gan shi ba. Sun yi nisa, saura kaɗan a hango Runka, sai direba ya rage gudu. An gitta gungumen itace a kan hanya. Mutum bakwai ne a wurin, wasu da bindigogin gargajiya, wasu da adduna, rigunansu duk layu.

Aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wanda ya zo kan Nu'uman wani matashi ne siriri mai jajayen idanu, wanda ya ji ana kira Nazifi. Ya zazzage jakar a ƙasa. Gwangwanaye suka gangara. Ya ɗauki kwalba ɗaya, ya girgiza, ya buɗe, ya zuba 'yan ƙwayoyin a tafin hannunsa.

"Mi ne ne wanga?"

"Man kifi ne."

"Man kifi a cikin ƙwaya?"

"Haka ake yin sa. Na ƙanwata ne, tana Runka. Don ƙurajen fuska."

Nazifi ya dube shi daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan ramukan fuskarsa. "Kwalba ukku, da abincin gwangwani da ba shi lalacewa a daji. Su wa kake kai mawa?"

Nu'uman ya miƙa takardar Likita. Rubutun boko ne da Turanci, a cakuɗe. Nazifi ya juya ta sama da ƙasa ya yar. Cikin fasinjojin akwai wani malamin firamare, ya ɗauki kwalbar ya duba, ya ce a hankali, "Gaskiya abin da aka rubuta a jiki man kifi ne."

"Takarda kowa na iya liƙa ta," in ji Nazifi. "Ko tare kuke?"

Malamin ya ajiye kwalbar ya ja da baya.

Sai wani dattijo ya taso daga gindin wata tsamiya, gajere, mai furfura a gemu, yana jan ƙafa ɗaya. Shi ne shugabansu, Ɗanjuma, tsohon maharbi. Ya dubi kayan, ya dubi Nu'uman, ya ce a ɗaure masa hannu, mota kuma ta wuce. Direban ya fara roƙo, yana cewa ya san shi, mai shayin tasha ne. Ɗanjuma ya ce, "Wanda muka kama wancan mako mai biredi ne, shi ma kowa ya san shi. Ja motarka."

Suna ɗaga gungumen Nu'uman ya ɗaga murya ya ce wa direban, "Najib mai shago, bakin kasuwa. Ka ce masa yayan Hansatu ne." Bai sani ba ko ya ji. Motar ta tafi, ƙararta ta ɓace, wurin ya yi tsit.

Aka zaunar da shi a gindin tsamiyar, hannuwa a baya. Igiyar irin ta ɗaurin akuya ce, tana cin wuyan hannu. Ya lura ba wanda yake duban idonsa sai Nazifi. Daga baya ne ya ji cewa kwana tara ke nan da aka kwashe matar Nazifi da 'yarsa daga gona, kuma ba labarinsu.

"Baba," Nu'uman ya ce wa Ɗanjuma, "don Allah a huda guda ɗaya a sansana."

Dattijon ya karyo ƙaya, ya soki ƙwaya ɗaya, ya matse a kan babban yatsansa. Mai ya fito. Ya kai hanci, ya yamutsa fuska. "Ƙarnin kifi ne," ya ce. Ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya gyaɗa kai.

"Ana iya haɗa shi da komi," in ji Nazifi. "Don a ɓad da wari suka sa kifin. Baba, kada wanga mutum shi yi muna wayo. Dubi fuskarsa, ai ka san fuskar masu sha."

Ɗanjuma ya daɗe yana juya kwalbar a hannunsa. Can ya ce, "Nawa ake sha?"

"Biyu a rana."

"Za ka sha goma yanzu. Na san yadda ƙwaya take yi wa mutum, na ga yaranmu da yawa. In inuwar itacen ga ta kai wancan dutse kana cikin hankalinka, mu yi magana. In harshenka ya yi nauyi ko idonka ya juya, to kai ka yanke wa kanka."

Aka ƙirga goma, aka zuba masa a baki uku-uku, aka ɗora masa butar ruwa. Ya haɗiye. Bai ci kome ba tun kunun asuba.

Dutsen bai fi taku huɗu daga bakin inuwar ba, amma Nu'uman bai taɓa sanin inuwa tana da nawa haka ba. Ya zuba mata ido. Ba a jima ba gyatsa ta fara taso masa, mai ƙarni, tana ƙona maƙogwaro. Yawu ya cika masa baki. Nan ya gane inda hatsarin yake: in ya yi amai, za a ce da gangan ya fitar don kada ta kama shi. Ya datse haƙora, ya riƙa haɗiye yawun, yana jan numfashi ta hanci. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Ga shi nan ya fara zufa," in ji Nazifi.

"Rana ce," in ji Ɗanjuma. "Kai ma kana yi." Ya juya ga Nu'uman. "Karanto mini Fatiha."

Ya karanta. Aka ce ya faɗi sunayen kwanaki daga Juma'a zuwa baya, ya faɗa. Aka buɗe masa fatar ido aka duba.

Inuwar ta ci rabin hanya sai aka ji harbi daga yamma, ta wajen daji. Ɗaya, sannan uku a jere. Kafin ƙiftawar ido mutanen sun watse, wasu sun kwanta a bayan gungumen, wasu sun shige gero. Nazifi bai tafi ba. Ya durƙusa a bayan Nu'uman, ya ɗora masa bakin bindiga a ƙeya.

"In su ne suka zo karɓar kayansu," ya ce a kunnensa, "kai za ka fara tafiya."

Ƙarfen yana da zafi saboda rana. Nu'uman ya ji hannun mutumin yana karkarwa, kuma wannan ya fi ba shi tsoro fiye da maganar, don irin bindigar nan ba ta da tabbas. Ya yi kalmar shahada a zuci. Ya tuna bai gaya wa Inna inda ya ajiye makullin akwatin tebur ba. Aman ya taso har bakinsa, ya mayar da shi.

Aka sake harbi sau ɗaya, can nesa fiye da na farko. Daga nan shiru. Sun daɗe a haka kafin Ɗanjuma ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Sun yi arewa," ya ce. "Nazifi, ɗauke masa wannan abu daga kai."

Dattijon ya zo ya zauna kusa da Nu'uman, ya tambaye shi asalinsa. Da ya faɗi sunan ƙauyensu, Ɗanjuma ya ce ya taɓa farauta ta wajen, ya kuma ji abin da ya same su. Ya tambayi sunan mahaifinsa, ya yi masa addu'a. Sai ya nuna fuskar da baki. "Wannan fa, mi ya kawo shi?"

Nu'uman ya samu kansa, hannu a ɗaure, yana ba tsohon maharbin labarin madarar gwangwani da sukari, da yadda ya koma kunu da wake, da yadda Likita ya ce maiƙon kifi na rage kumburi. Yana magana a hankali, yana tsayawa yana haɗiye yawu. Biyu daga cikin mutanen suka matso suna saurare.

"Wato abincinmu na da ya fi," in ji ɗaya.

"Haka Likita ya ce. Amma ya ce sai an haɗa da magani."

Saura kamar tafin hannu inuwar ta taɓa dutsen aka ji ƙarar babura daga wajen Runka. Biyu ne. Na gaba Najib ne da Hansatu a baya, na biyun kuma ya ɗauko wani dattijo, mai unguwarsu. Direban ya isar da saƙo.

Mai unguwa ya fara doguwar gaisuwa, Ɗanjuma yana amsawa. Hansatu ba ta jira aka gama ba. Ta wuce ta tsaya gaban maharbin, ta rusuna, ta gaishe shi, sannan ta ɗage niƙabinta a gaban mazan nan duka, ita da ta yi wata shida ba ta yarda ko maƙwabta sun gan ta ba.

"Baba, ka duba," ta ce. "Ni na aike shi. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. In akwai laifi a kayan nan, nawa ne."

Ɗanjuma ya duba sau ɗaya ya kawar da kai. "Rufe fuskarki, ɗiyata." Ya sa mai unguwa ya faɗa a gaban kowa cewa ya san ta, ya san mijinta, kuma ya tsaya wa baƙon. Sannan ya juya ya dubi dutsen, ya jira har inuwar ta hau shi, tukuna ya ce a kwance igiyar.

Nazifi ya tashi. Ya koma bakin hanya ya zauna, ya juya musu baya.

Aka mayar da kwalaben da daddawar. Gwangwanayen kuwa Ɗanjuma ya ce ba za su shiga ba, ko na wane ne, haka aka tsara. Ba wanda ya yi musu. Nu'uman ya miƙe yana dafe da Najib. Ya roƙi izini ya zaga bayan tsamiyar, ya durƙusa, ya amayar da duk abin da ke cikinsa. Da ya dawo Ɗanjuma ya miƙa masa buta da kansa.

"Ka yi haƙuri," ya ce. "Mun binne mutum goma sha ɗaya a watan ga."

La'asar ba ta yi masa a Batsari ba. Ya kwana biyu a Runka da zazzaɓi da gudawa, ba halin a sanar da Inna. Ita kuwa direban ya riga ya gaya mata an tsare shi, bai san ƙarshen labarin ba sai da ya sake komawa. Ranar da Nu'uman ya shigo gida ya tarar da mata cike da tsakar gida, Inna a tsakiyarsu ta kwana biyu ba ta ci ba. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta kama wuyan hannunsa ta daɗe tana duban shatar igiyar.

Malam Sharhabilu da ya ji, ya ajiye kofinsa bai ƙarasa ba. Ya ce laifinsa ne, ya san halin da hanya take ciki ya ba mutum ƙwayoyi da takardar Turanci. Daga ranar duk wanda zai ba magani ya fita da shi ƙauye, sai ya rubuta da Hausa, boko da ajami, ya buga hatimi, ya sa sunansa.

Hansatu ta sha man kifin har ya ƙare, ta bar man maƙwabciya, ta rage lemo da biskit. Ta samu sauƙi, amma ba kamar na yayanta ba. Sai da aka buɗe layukan waya, hanya ta ɗan yi dama, ta zo Batsari, Likita ya duba ta ya ba ta na shafawa wanda ya dace da mai goyo, sannan fuskar ta kwanta sosai. Da aka tambayi Likita ko man kifin ya yi mata wani abu, ya ce shi ma ba zai iya rantsuwa ba.

Matar Nazifi da 'yarsa sun dawo bayan wata biyu, haka Najib ya faɗa. Ɗanjuma kuwa a daminar da ta biyo aka kashe shi, a wata arangama kusa da Babban Duhu. Nu'uman yana zuba wa wani shayi aka ba da labarin a bencinsa. Ya gama zubawa, ya koma gefe ya zauna. Bai san abin da ya kamata ya ji ba game da mutumin da ya sa aka ɗaure shi, kuma ya hana a harbe shi. Ranar Juma'a ya sayi ƙosai ya raba sadaka da sunansa.

Yanzu yana da shekara talatin da ɗaya, ya yi aure, matarsa Maijidda ce ke dama kunun gero da yake sayarwa a gefen shayi. Ya daina shan man kifi tun da Malam Sharhabilu ya koma Katsina, sai dai duk mako ya sayi kifi sau biyu. Ƙuraje sukan leƙo ɗaya biyu, musamman bayan azumi in ya saki jiki da kayan zaƙi. In saurayi mai fesasshiyar fuska ya zauna ya ce a cika masa madara, yakan cika masa, amma yana miƙa kofin zai ce, "In ka gama ina da magana da kai." Wasu su tsaya, wasu su shanye su tafi.

Har yau bai iya wuce shinge a zaune lafiya ba, ko na sojoji ne a bakin gari. Tun daga nesa sai ya cusa hannuwansa tsakanin gwiwoyinsa. Runka kuwa sau ɗaya ya sake zuwa, ranar sunan ɗan Hansatu na biyu, kuma bai riƙe ko jaka ba.